Baban Ɓeraye da Dokar Yunwa

Shekara ashirin da biyu yana kiwon fararen ɓerayen ɗakin bincikenmu, har sunansa ya ɓace, kowa Baban Ɓeraye yake ce masa. Shi ke share keji, ya canza dusar katako, ya zuba ruwa. Mutum ne mai shirun tsiya, sai dai in yana yi wa ɓerayensa faɗa.

Ni aikina yanka ne. Akwai 'yar tsoka a ƙarƙashin haɓar ɓera mai fitar da yawu. Nakan yanka ta siriri, in rina, Dakta mai binciken ya duba a madubin ƙara girman abu ya ga inda sinadarin narkar da abinci ke taruwa a cikinta. Sharaɗin ɗaya ne, ɓera ya wuni ya kwana bai ci ba kafin a kashe shi. In ya ci, sinadarin ya bi yawu, sai ka ga wayam.

A bara aka kwantar da matar Baba a asibiti za a yi mata aiki. Aka hana ta abinci. Aka ɗaga aikin, aka sake ɗagawa. Tana roƙonsa ko loma ɗaya, shi kuma mutumin doka, ya hana. Ta rasu a kwana na uku, kwanon abincinta yana rufe ƙarƙashin gado.

Tun da ya dawo, duk abin da na yanka wayam. Wata huɗu Dakta na zagina, wai rinina ne ya lalace, har ya ce in aka sake zan bar aikin. Wata safiya na yi sammako, na tarar da Baba tsugune gaban kejin da aka rubuta wa "Kada a ba su abinci", yana tura wa ɓerayen abinci ta tsakanin waya.

"Haba Baba! Ni za a kora fa."

Bai ko juyo ba. "'Yata, su dai ba za su tafi da yunwa ba."

Ina da yara uku. Na je na faɗa wa Dakta, kuma har yau ina jin kunyar kaina. Ran Litinin Baba ya ajiye makulli ya tafi, bai yi mini kallon banza ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Yankan da ya biyo baya ya fito cike da ɗige-ɗige ja na sinadarin, reras. Dakta har da tafi.

"Zo ki ga kyau!"

Na sa ido a madubin. Na san wuni nawa da kwana nawa ɓerayen suka yi ba ci kafin su yi wannan kyan.