Ozell Mai Wuyan Kwalba

Ozell Tillman yana da shekara goma sha tara injin gurzar auduga ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu. Kafin nan yana kaɗa jita kamar sauran samarin garinsu, Tutwiler, yana danna tsirkiya da yatsu. Da hannun ya warke sai dannawa ta gagara, jitar ta yi wata shida rataye a bango. Kawunsa Lucius ne ya fasa kwalbar giya, ya goge bakin wuyanta a kan dutse har ya daina yanka, ya zura masa a ƙaramin yatsa. Ya ce ya riƙa jan sa a kan tsirkiya, ya daina cika wa mutane gida da tagumi.

Da haka ya yi shekara hamsin da takwas yana kiɗa.

Abokin kiɗansa na farko Wardell Boykin ne, direban motar katako mai buga ganga. Shekara ashirin da biyu suna zaga wuraren suyar kifi na ranar Asabar, inda ake kiɗa da rawa da shan giya, daga Clarksdale har Greenwood, kuma kusan kullum sai sun yi cacar baki. Wardell ya ce Ozell yana jan ƙafa a waƙa kamar tsohon alfadari, shi kuma ya ce Wardell yana gudu kamar wanda ya saci kaza. Da Wardell ya koma Chicago wajen 'yarsa, ko sallamar kirki ba su yi ba. Amma Ozell ya shekara bai yarda wani ya buga masa ganga ba.

Sai Earline Gatewood, mai jan waƙa a cocin garinsu. Ya ji muryarta a wajen wani biki, ya roƙe ta su yi aiki tare. Ta ce ita ƙafarta ba ta taka inda ake sayar da giya.

"Mista Ozell, in muryata kake so, ka zo inda take."

"To Sista, fasto zai bar wuyan kwalbar giya ya shiga coci?"

"Wa zai gaya masa? Ka ce ta maganin tari ce."

Ya je. Bayan shekara uku suka tafi Memphis suka naɗi waƙa goma sha ɗaya cikin kwana biyu. Faifan nan shi ya kai su Turai sau biyu, Earline tana tafe da kwalbar yajinta a jaka, don ta ce abincin mutanen can ba ya magana. Da ta rasu, waƙa ɗaya ya kaɗa a jana'izarta. Duk inda muryarta ta saba shigowa sai ya ɗaga hannu ya jira, sannan ya ci gaba.

Yanzu yakan haɗu da Delphine Rucker duk Talata da la'asar. Tsohuwar malamar makaranta ce mai kaɗa fiyano, ta ɗauri aniyar rubuta waƙoƙinsa a takarda da alamomin rubuta kiɗa don kada su ɓace. Aikin yana tafiya a hankali, saboda Ozell bai taɓa kaɗa waƙa iri ɗaya sau biyu ba. Akwai wata da ta rubuta har kala huɗu. Makon jiya ta baje masa su, ta tambaye shi wacce ce ta ainihi. Ya ce shi bai iya karatun waɗannan ɗige-ɗigen ba, ta ajiye su duka.