Shiru a zaure

Ni ban yi boko ba. Aji biyu na yi anka fidda ni, na koma allo, can ma ban yi nisa ba. Abin da Allah ya ba ni kunne ne. In mace na daka a gidan maƙwabta, nakan san ko gero ne cikin turmin ko dusa. In yaro ya shigo ya ce bai taɓa hura ba, muryarsa ke gaya mini gaskiya. Da kunnen nan na riƙe gida, kuma da shi na kusa korar mutumin da ya fi kowa yi wa ɗiyata amfani.

Shekarun fari ne. Ƙauyenmu na tsakanin Isa da Sabon Birni. Damina biyu a jere munka yi binne, wato shuka kafin ruwa, ruwa ya sauka, hatsi ya tsiro ya kai gwiwa, daga nan sama ta ɗauke, ya tsaya ya ƙone a tsaye. Gulbi ya koma rairayi. Matan Fulani da ke kawo mana nono sunka daina zuwa, an ce sun bi sauran shanunsu kudu. Mai gidana ma ya tafi kudu cin rani, ya bar ni da yara huɗu da rumbun da sai ka durƙusa a ciki kafin hannunka ya taɓa dami. Ba za ni ce mun yi ta kuka ba. Mukan tashi, mu dafa tafasa, mu kwaɗa da ɗan ƙuli, mu ci, mu zauna. Ko rasuwa anka faɗa sai mu ce Allah ya jiƙa, mu ci gaba da abin da muke yi.

Babbar ɗiyata tana aji shida na firamare. Ɗiyar fari ce, ba ni kiran sunanta, ba ni nuna kulawa da ita gaban mutane, haka munka tashi munka gani. A ƙarshen shekarar za ta yi jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata. Ba za ni yi ƙarya in ce likita nake so ta zama ba. An ce mini a can ana ba su abinci sau uku a rana, iyakar abin da ya shiga kunnena ke nan. In kuwa ba ta ci ba, akwai goggonta, ƙanwar mai gidana da ke aure a Sakkwato, ta riga ta samo mata gidan aikatau, wanke-wanke da raino. Uban ya faɗa kafin ya tafi: ta ci, makaranta, ta faɗi, Sakkwato.

Shi ya sa anka nema mata malamin lesin. Na farko saurayi ne ɗan unguwarmu, ya gama sakandare yana zaune. Da la'asar yakan zo zaurenmu, tun da babu namiji a gidan balle a ce an tsare masa wuri. Murya gare shi. Ya karanta layi da ƙarfi, ta maimaita da ƙarfi, har awaki na firgita. Ina madafa ina jin komai, raina kwance. A makarantar allo haka munka sani, wanda ya fi ɗaga murya shi ke karatu, wanda ya yi shiru bulala ke tada shi. Maƙwabciyata takan leƙo ta katanga ta ce, wannan ɗiya ai ta gama cin jarrabawa tun ba a yi ba. Ni kuma in ce wace ɗiya, in kau da kai, amma ina jin daɗi.

Wata rana saurayin ya bi motar kaya kudu kamar sauran samari, ko sallama bai yi ba. Sai wan mai gidana ya kawo wani dattijo, tsohon malamin firamare da ya yi aiki a Isa, ya aje aiki ya dawo gida. Keke gare shi, mai ƙarar sarƙa, tun daga bakin rijiya nake jin zuwansa. Ladansa ɗan gero ne a ƙarshen mako.

Ranar farko munka gaisa, shi a zaure ni a bayan ƙofa. Na zaci zai tambayi littattafanta. Sai ya tambaye ni ƙarfe nawa take ɗebo ruwa, da mi take ci kafin la'asar. Na ce kunu, amma sai bayan karatu nake ba ta, don kada ta yi barci. Ya ce in ba damuwa a riƙa ba ta kafin ya zo. Na ce to. A raina na ce wannan ya zo koyarwa ko ya zo rabon kunu.

Daga nan sai shiru. Kwana ɗaya, biyu, mako guda. Nakan tsai da taɓarya in kasa kunne, ban jin komai sai kan kara yana karce ƙasa, sai shi can ƙasa-ƙasa ya ce sake dubawa, sai shiru kuma mai tsawo, har in fara tunanin ko sun fita. Yarinyar da ke shigowa tana rera karatu ta koma shigowa fuska a ɗaure, ta kwanta ta juya wa kowa baya. Maƙwabciyata ta ce tsohon nan gyangyaɗi yake zuwa yi a inuwar zaurenki, ki ba shi gero ya tafi da shi. Gero kuwa a lokacin, wanda ya zube ƙasa ma tsince shi muke yi ƙwara-ƙwara.

Mako biyu na daure. Ranar da ta cika na yafa zane na tsaya bayan ƙofar zaure, na yi sallama, na ce, “Malam, ka yi haƙuri. Ni ban jin karatu.”

Bai yi fushi ba. Ya ce, “Gaskiya ne, Inna. Tsaya nan inda kike ki saurara.”

Ya ba ta littafin makaranta ya ce ta karanta. Ta zuba kamar ana juye gero a ƙwarya, babu tsayawa. Na ce to ga shi nan, mi ya rage. Sai ya tambaye ni ko akwai wata takarda a gidan da ba a taɓa karantawa a gabanta ba. Akwai. Wasiƙar ubanta ta iso shekaranjiya ta hannun wani direba, na sa ta ƙarƙashin tasa ina jiran wan mai gidana ya zo ya karanta mini. Na miƙa ta ta gefen ƙofa.

Na ji takarda na buɗewa. Yarinyar ta fara, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Ta ɗan tsaya, sannan ta ci gaba da sauri: yana nan lafiya, a gaida yara, kuma a sayar da ragon nan kafin ya ƙara ramewa.

Ragon nan mun sayar da shi wata biyu da sunka wuce. Wasiƙar da ta gabata ce take karanto mini, kalma bayan kalma, har da inda baffan nata ya yi tari ya maimaita layi ranar da ya karanta ta a tsakar gida. Takardar na hannunta, amma ba ita take dubawa ba.

Ban ji haushi ba, ban ji kunya ba. Na dai jingina da bango.

Malam ya aike ta ɗebo masa ruwa a rijiya, ba a randa ba, don ta yi nisa. Da ta fita ya ce, “Kunne gare ta, Inna, ban taɓa koyar da mai irinsa ba. Shekara shida da shi take karatu. Idon ne bai fara ba. In na ɗaga murya sau ɗaya ta ɗauke, ba ta sake duban takardar. Shi ya sa nake rufe bakina.”

Na san inda ta gado kunnen. Ban faɗa ba. Na tambaye shi ko za ta ci.

“Ban sani ba. Wata uku ya rage. Ba ni yi miki alkawarin abin da ban gani ba.”

Kafin ta dawo ya karanta mini wasiƙar a hankali, murya ƙasa. Mai gidana bai sami aiki inda ya sauka ba, ya ƙara gaba, kuma ya ce ko mi za a yi kada a taɓa iri. Malam ya ninke ta ya ce a bar masa, da ita za su yi aiki, tun da yarinyar ba ta ji ta ba.

Ban kore shi ba. Na koma madafa na ci gaba da sauraren shirun, amma yanzu ina jin abin da ke cikinsa. Yakan rubuta kalma a ƙasa, ba bisa jerin littafi ba, don kada ta yi hasashe, ya jira. In ta yi kuskure ba ya gyara mata nan take, ba ya tsawa, sai ya ce duba na ukun. Ban taɓa jin ƙarar bulala ba. Yana zuwa da tarkace a aljihu, takardar ganyen shayi, yankin buhu mai rubutu, duk abin da ba a taɓa rera mata ba. Lissafi da ƙwallon aduwa suke yi, ina jin ƙararsu a ƙasa. Wani lokaci ya mai da kansa jahili, ya ce shi bai gane ba ta koya masa, sai in ji ta tana yi wa dattijo bayani tana ƙosawa, shi kuma yana ta na'am. Da Hausa ta kama, ya fara sa mata Turanci kaɗan-kaɗan, shi ma ta ido. Da geron ladansa ya fara raguwa, na ba shi haƙuri, ya ce in dama mata shi kunu, mai yunwa ba ta ganin harafi.

Anka kai su Isa sunka yi jarrabawa. Bayan wasu makonni sakamako ya zo, hedimasta ya karanta sunaye, babu nata. Ƙanenta ne ya rugo ya gaya mini. Ina tankaɗe, na ce to, na ci gaba da tankaɗe. Goggonta ta aiko cewa ranar kasuwa a sa ta mota. Na wanke mata zannuwanta biyu na shanya. Ita ma ba ta yi kuka ba, ta zauna gindin rumbu tana karce ƙasa da tsinke.

Ana saura kwana biyu, da la'asar, sai na ji ƙarar sarƙar keke. Ban yi zaton zai zo ba, aikinsa ya ƙare. Ya jingina keken inda ya saba, ya yi sallama, ya tambaya ko ta sha kununta. Wata sabuwar wasiƙa ta zo a safiyar ranar. Ban jira ya tambaya ba, na miƙa ta gefen ƙofa.

Wannan karon ba ta zuba ba. Ta fara, ta tsaya, ta koma baya, ta haɗa harafi da harafi, kamar mai tafiya ba takalmi a gonar da anka yi girbi. Uban ya sami aikin dako. Ya aiko da ɗan garin rogo, yana hannun direba. Sai ta tsaya, na san ta riga ta gane abin da ke gaba. Sannan ta karanta: in yarinyar nan ba ta ci ba, a kai ta wurin goggonta kamar yadda munka yi.

Da ta so ta tsallake layin, ko ta sa wani abu a wurinsa, babu abin da zai hana ta, ta iya muryar ubanta fiye da kowa. Ta karanta shi yadda yake.

Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi mata magana kai tsaye gaban baƙo. Na ce, “Ke, kin iya rubutawa ko karantawa kawai?”

Ta ce, “Kaɗan, Inna.”

Malam ya yago takarda ya ba ta fensir. Na faɗa tana rubutawa, ina jira tana gamawa. Bayan gaisuwa. Ba ta ci ba. Ina roƙon a bar ta shekara guda ta sake. Za ni sayar da tasoshin jerena mu ci, ba za ni taɓa iri ba. A ƙarshe na ce ta rubuta cewa wannan hannun ɗiyarka ne, ba na yayanka ba. Har magariba ta gabato ba mu gama ba. Na kwashe zannuwan daga igiya na mayar da su cikin akwati, na aika wa goggonta cewa sai mun ji daga kudu.

Amsa ta ɗauki wata guda. Ita ta karanta mana. Layi uku ne, na ƙarshen ya ce to, a bar ta. Malam ya je ya ga hedimasta anka bar ta ta maimaita aji. Tasoshin sunka tafi ɗaya bayan ɗaya, har jeren ya koma bango tsirara. Ruwa a shekarar ma bai cika ba, amma mun sami abin da munka samu.

Shekara ta zagayo, yarinyar ta sake jarrabawa ta ci. Ranar tafiya baffanta ya raka ta Isa shiga mota. Ban raka ta ko zaure ba, uwa ba ta raka ɗiyar fari. Da rana na auno gero, na rage rabon mutum ɗaya na mayar rumbu. Malam ya zo sau ɗaya bayan nan, ya karɓi ƙwallon aduwarsa da ya bari a kusurwar zaure, ya ce akwai wasu yara a ƙauyen gaba. Na yi masa godiya daga bayan ƙofa, ya ce ba komai, Inna, na ji sarƙar keken har ta wuce rijiya.

Na yi makonni in la'asar ta yi sai in tsai da taɓarya in kasa kunne wajen zaure, sannan in tuna, in ci gaba da daka.