Likitar da Ke Juya Kujera

Daga bencin da take jiran 'yarta, Iya tana hango shugabar likitocin sashen mata ta ƙofar da aka bari a buɗe. Doguwa ce, ta ɗan ranƙwafa, ta take bayan takalminta saboda kumburin ƙafa. Shayinta ya huce a kan tebur. Ƙananan likitoci maza suna tsaye a bayanta, ba mai ko tari.

Wata mata ce zaune a gabanta da mijinta. Duk tambayar da aka yi wa matar, shi ke cafewa.

"Jinin ya tsaya?"

"Ai da sauƙi, likita."

Likitar ba ta ɗaga murya ba. Ta sauke numfashi, ta ja kujerarta ƙiii, ta ba shi baya, gwiwarta na gogar ta matar.

"Maigida, ka huta haka. 'Yar'uwa, jikin naki ne. Ina ke miki ciwo?"

Matar ta daɗe tana murza bakin mayafinta, sannan ta soma magana ƙasa-ƙasa.

Iya ta dubi simintin ɗakin, ƙafafun kujerar har sun yi masa gurbi. Ashe kullum sai likitar ta ja ta. Wa ya sani, ƙila ita ma in ta koma gida ba mai tambayarta ya gajiya.

Rakiya kawai Iya ta yo, amma sai ta tsinci hannunta dafe da mararta, inda ciwo ke cinta tun haihuwar auta. Ita ba a taɓa juya mata kujera ba.