Ranar da Na Kauce wa Liƙin Alhaji

Ranar wata Laraba cikin bazarar 1989, ina da shekara goma sha uku, na tura keken mahaifina zuwa rumfar Lawandi mai gyaran keke a Yammedi don a yi masa faci. Ban tarar da kowa a rumfar ba, sai wani irin kiɗa da ke fitowa daga kangon da ke bayanta. Na jingine keken na leƙa. Lawandi na tsaye riƙe da jitar da ya haɗa da tsohon galan da wayoyin birki, yana kaɗa ta cak, cak, cak, ba a kan bugun ganga ba, a tsakankaninsa, kamar mai ɗingishi yana gudu. Ɗan'azumi, ɗan gidan makaɗan garinmu, ya matse kalangu a hammata yana kora ta da saurin da ban taɓa ji ba. Wasu samari biyu suna tsalle suna bangazar juna, gumi na tsiyaya, suna ƙyalƙyala dariya. Ƙafata ta soma motsi ban ba ta izini ba. Keken bai sami faci ba sai bayan la'asar, na kuwa sha faɗa.

Lawandi ya yi shekara biyu a Kano, ya dawo da kasakasan kiɗan rege na mutanen Jamaika. Da Ɗan'azumi ya saurara sai ya ce, "Wannan ai kiɗan masu gyangyaɗi ne," ya ninka saurinsa, abin ya zama nasu. Mutanen gari suka laƙaba musu 'Yan Kango don ba'a, su kuma suka karɓe sunan hannu bibbiyu. Ba mai gayyatar su biki ko suna. Waƙoƙinsu a kan takin zamani ne da ba ya isowa sai an gama huɗa, da taɓon hanyar Ƙaraye, da fason ƙafar manomi. Doka ɗaya suke da ita mai rassa biyu: ba a ambaton sunan kowa a waƙa, ba a karɓar ko sisi. Ɗan'azumi ne ya kafa ta, don tun yana yaro yake bin babansa ƙofa-ƙofa ana yi wa masu hali kirari, ya ce ya gaji da kiran rowa kyauta. Abin da suka rasa shi ne mai busa, ni kuwa ni ne mai busa begila a faretin makarantarmu ta firamare. Hedimasta kan bar mini ita a gida don ina goge ta da toka da lemon tsami har ta riƙa walƙiya.

Matsalar ita ce gidan da na fito. Mahaifina malamin allo ne, manomi kuma, Malam muke kiransa. Da asuba karatu, da hantsi boko, da yamma in yanko wa awaki ciyawa, in jawo ruwa in cika randunan Inna, sannan in an sami sarari a yi langa a ƙofar gida. A tsakanin ciyawa da rijiya nake satar jiki in tafi kango, begilar na cikin buhun ciyawa. Amma wa ya isa ya ɓoye begila a ƙauye? Sati biyu ba a yi ba Malam ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba, shi dai ba ya ɗagawa. Ya ce kiɗa a ƙasarmu gado ne, kowa da gidansu, kuma abin da ke mai da mutum maroƙi ba bakinsa ba ne, goshinsa ne. "Ranar da aka liƙa maka kwabo a goshi," in ji shi, "ka tattara kayanka ka nemi wani uban, don ni ban haifi maroƙi ba." Na san Malam ba ya magana biyu. Na kuma lura bai ce in daina ba, na riƙe wannan gam.

Ba zan yi ƙarya in ce mun iya kiɗa ba. Begilar ba ta da murya fiye da huɗu ko biyar, wayar Lawandi kan tsinke a tsakiyar waƙa. Amma in kalangu ta ɗauka, jita ta shiga tsakani, na cika kumatu na ɓarke da busa, sai in ji duk wani "kai yaro, yi shiru" da aka taɓa ce mini ya fice ta bakin ƙarfen nan. A kangon babu ɗan malam babu ɗan makaɗi, wanda ya faɗi a tsalle a ɗaga shi a ci gaba. Dattawa suna cewa kiɗan mahaukata ne. Mu kuwa haukan ne ya yi mana daɗi.

Da damina ta yi nisa, Iya Gambo, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki, ta kira gayyar huɗar dawarta. Aka yi rashin sa'a ranar ta zo ɗaya da gayyar Alhaji Mamman, mai gonar da ke maƙwabtaka da tata. Shi ya yanka akuya ya ɗauko makaɗan noma, ita fura kawai ta dama. Da hantsi gonarsa ta cika maƙil, tata mutum shida ne da garemani. Lawandi ya dube mu ya ce, "Ku tashi, yau kango ya koma gona." Muka tsaya a kan kunya muka saki kiɗa. Mutum shidan nan suka shiga huɗa kamar ana korar su, garma na faɗawa daidai da cak ɗin jita. Sai samarin gonar Alhaji suka fara tsallako iyaka, ɗaya, biyu, har aka daina ƙirgawa. Iya Gambo ta rangaɗa guɗa tana share hawaye da bakin zane.

Can sai ga Alhaji da kansa, babbar riga na jan raɓa. Bai zo da faɗa ba, da murmushi ya zo, takardar kuɗi sabuwa fil a hannunsa. Ya wuce Lawandi, ya wuce Ɗan'azumi, ya nufo ni, don ya san ɗan wane ne ni. "Ɗan Malam, ashe haka ka iya? To a busa mana sunanmu, a dawo gonarmu a ci nama." Ya ɗaga hannu zai manna mini a goshi. Kowa ya san yaro ba ya ƙin kyautar babba, rashin kunya ce da ake kai ƙararta har gida. Ni kuma na san abin da ke jirana in takardar nan ta taɓa gumina. Wallahi tsoro nake ji. Na sunkuya, hannunsa ya wuce ta saman kaina, na yi tsalle na koma bayan kunya, begilar ba ta bar bakina ba. Ya sake matsowa, na sake kaucewa. Takardar ta faɗi a taɓo, ba wanda ya duƙa ya ɗauka. Ɗan'azumi ya ƙara wa kalangu wuta, aka gama huɗar Iya Gambo kafin azahar.

Ƙarar ta riga ni isa gida. Bayan la'asar Malam ya kira ni, na durƙusa ina jiran hukunci.

"An ce ka kunyata Alhaji a gaban jama'a."

"Na kauce ne, Malam."

"Ta taɓa ka?"

"Ba ta taɓa ni ba."

Ya ajiye carbinsa. Sannan ya ce, "Gobe ka je ka ba shi haƙuri, don babba ne. In ya sake miƙowa, ka sake kaucewa. Tashi, awaki na kuka."

Na je na durƙusa na ba da haƙuri, amma ban ce na yi nadama ba, har yau kuma ban ce ba. Alhaji bai huce ba. Da aka koma makaranta ya kai magana wurin hedimasta, aka karɓe begilar aka kulle a kabad, aka ba wani yaro busar fareti. Na yi kuka a bayan aji kamar an yi mini mutuwa. 'Yan Kango suka ƙara shekara guda, sannan neman abinci ya watsa su.

Yanzu in na je biki a gida, na'ura ce ke kiɗa, waƙar kuwa jerin sunayen manya ce daga farko har ƙarshe, kuɗi na zuba a goshi har ana sharewa da tsintsiya. Ba na zagin kowa, kowa da hanyar cin abincinsa. Sai dai nakan yi kewar samarin nan masu kaushin hannu da ba su bar ko kaset ɗaya ba, waɗanda suka yi kiɗa don tsohuwa ta sami dawa. An ƙwace mini begila, amma a gidan ubana na kwana.