Kawu Bai Yi Tsere Ba

Jiya ina kwashe shirgi na ci karo da rimot ɗin gem ɗinmu na farko, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Direba ne, doya yake ɗaukowa daga Gwada. Ranar da muka jona gem ɗin tseren mota a talabijin, ya daɗe yana kallon titin ciki yana salati. Na miƙa masa rimot, ya karɓa da yatsunsa masu kanta da warin baƙin mai. Motoci suna wuce shi fuu, shi kuwa yana bin hannunsa a hankali.

"Kawu, tsere ne fa, ku taka!"

"Ba ka ga mutane a bakin titi ba?"

Shi ya zo na ƙarshe, bai gogi kowa ba. Allah Ya sa haka ya isa can, lafiya lau.