Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Fari

A gidanmu na Dutse, can gindin duwatsu inda dabinai suka yi wa unguwa inuwa, babu 'ya macen da ake kira da sunanta na yanka. Duk wadda aka haifa sunan wata tsohuwa ake mayar mata, sunan tsohuwa kuwa ba ya faɗuwa a bakin na ƙasa da ita. Gida ya cika da Mai-sunan-Iya da Mai-sunan-Goggo. In ka tsaya a tsakar gida ka ce "Mai-suna!" sai rabin yaran su waiwayo. Tun ina yaro abin yake ba ni haushi. A yanka rago sukutum saboda suna, sannan a ninke sunan a adana kamar zanen Salla?

Shekarar da fatake suka kawo mana labarin jirgin ƙasa ya iso Kano, matata ta samu cikin fari. Lokacin ina taya mahaifina, Malam, karantar da yaran unguwa, ina jin kaina kamar na haddace duniya. A daminar nan wata tsohuwa da ta dawo daga Makka a ƙasa ta sauka gidanmu. Cikin hira ta ambaci matar da ta yi jinyarta a hanyar gabas, ta faɗi sunanta. Ban taɓa jin irinsa ba, ga daɗi a kunne, ga sauƙi a baki. Nan take na ce a raina, in mace aka haifa ta samu suna.

Mace kuwa aka haifa. Ɗa ba ya tunkarar mahaifinsa da zancen haihuwar fari, don haka na bi ta wurin ƙanensa, Baffa. Malam ya ce sunan yana cikin na matan Sahabbai, babu laifi. Saura Inna, mahaifiyata, wadda ta daɗe tana tanadin sunan uwarta.

"Wannan suna ko a Garki ko a Miga wa ya taɓa jin sa?" in ji Inna. "Ni ko akuya ba na sa wa sunan da ban san gidansu ba."

Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, in an sa mata sunan Iya, ke ma ba za ki iya kiranta ba. Wannan kuwa kowa sai ya kira."

"Kowa?"

"Kowa, Inna."

Ta dube ni, ta yi dariya har da share hawaye da gefen zane. Ta ce, "To, a sa." Na fita ina taƙama na kayar da tsohuwa.

Ranar suna na ɓuya a zauren maƙwabci, kamar yadda uban ɗan fari yake yi. Daga can na ji maroƙi ya kwarara sunan, mata suka rangaɗa guɗa. Daɗi ya kama ni, na buɗe baki zan maimaita, sai na ga idon abokaina a kaina, suna jira. A nan na gane dariyar Inna. 'Yar fari ce. Kowa a garin nan yana da ikon kiran sunanta, ban da ni da uwarta.

Haka aka yi ta tafiya. Mai tallan fura ta kira, wanzami ya kira, yaran makaranta su kira, ni kuwa da na sha wahalar nemo shi sai "ke" da "yarinyar nan". Da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta ɗakinta. In ta ga zan wuce sai ta ɗaga murya ta ja sunan, sannan ta ce, "Malam ƙarami, wa na kira ne? Na manta." In yi kamar ban ji ba. A gaskiya abin yana ci mini rai, don ina son yarinyar nan fiye da yadda aka yarda uba ya nuna.

Wata la'asar, tana 'yar shekara huɗu ko biyar, hadari ya haɗo daga gabas, awaki suka dawo, ita ba a gan ta ba. Wani ya ce ya ga ta bi ɗan akuyarta cikin duwatsu. Wanda ya san duwatsun Dutse ya san lungunansu, ya kuma san yadda ruwa yake gangarowa ta tsakaninsu. Mata suka bi ta wajen rijiya suna kira, iska tana kwashe muryarsu. Ni na hau sama, na fi kowa nisa.

Na ce, "Ke!" Na sake cewa, "Yarinyar nan!" Wasu 'yan mata masu itace suka waiwayo. Aka fara yayyafi. Na dubi ƙasa, ga Malam, ga Baffa, ga rabin unguwa sun ɗago kai. Na cika ƙirjina da iska na kwarara sunan, irin kiran da ko maroƙin nan bai yi ba. Duwatsu suka maimaita.

Yarinya ɗaya ce tak mai wannan suna a ƙasar nan, ita ce kuma ta amsa. "Na'am!" daga ƙarƙashin wani dutse, ta rungume ɗan akuyarta.

Na saɓo ta a kafaɗa muka gangaro a gaban kowa. Inna tana kuka tana dariya, tana cewa, "Yau kunyar Malam ƙarami ta tafi kiwo!" Abokaina har muka tsufa ba su daina kwaikwayon kiran nan ba. Ban sake faɗar sunan ba, ga shi yanzu ma alƙalamina ya ƙi rubuta shi.

Amma a kan hanyar nan, ruwa yana dukanmu, ta sunkuyo daidai kunnena ta ce, "Baba, ashe ka san sunana?"

Na ce, "Ni na nemo miki shi."