Madam Hembadoon, Wadda Ta Ƙwace Sandar Hamman

Ofishinta a saman bene yake, amma kada ka wahalar da kanka ka hau, ba za ka same ta ba. Da safe in ɗan acaɓa ya sauke Madam Hembadoon Terver, sai ta jawo benci zuwa gindin matakala ta zauna, jaka a cinya. Masu nemanta ba sa iya hawa bene. Guragu ne da makafi da waɗanda inji ya cinye wa hannu, mutanen da aka ce ba su cancanci diyyar naƙasa ba, ita ke bin bayansu su ɗaukaka ƙara. Tun da Lafiya ta zama babban birnin jiha take wannan zama, ga shi ƙarshen watan nan na 2009 za ta ajiye aiki. Ko lemon kwalba ba a shirya mata ba, abin da ciwo wallahi.

Nas Jumai, wadda ta ga abin da idonta, ta ce duk wanda ke son sanin Madam ya nemi labarin Hamman.

Hamman Bafulatani ne daga wajen Kwandere. Annoba ta share masa garke, ya koma kiwon albashi a gonar wani kamfani, har ranar da bijimi ya matse shi da bango wajen wankin kaska, ya fasa masa ƙugu. Ranar tantancewa Sa'idu, mijin 'yarsa, ya kawo shi, don shi kaɗai ke da babur, ya kuma shiga da shi har gaban likitoci. To, ina Bafulatani ina nishi a gaban suruki? Aka ce ya miƙe, ya miƙe. Aka ce ya taka, ya dogara sandarsa ya taka. Wa zai ga makiyayi da sanda ya ce gurgu ne? Aka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Likitoci suka rubuta abin da suka gani, aka hana shi diyya.

Matarsa Usaina ce ta zo wajen Madam. "Madam, mutumin nan da rarrafe yake zagayawa. Hatsi ya ƙare, saniyar da nake tatsa ma ta aro ce, ga jikoki."

"Inna, wa ya shiga da shi?"

"Mijin 'yarmu."

Madam ta dafe kai. A garin Obi ta tashi cikin makiyaya, ba sai an yi mata bayani ba.

Damina guda ta shafe tana zirga-zirga kafin a yarda a sake duba shi, aka kuma ce daga wannan an rufe maganar. Ta bi shi har ruga. "Baba, dama ɗaya ta rage. Ka faɗi inda ke maka ciwo."

"Madam, babba ba ya tallan ciwonsa."

"To, jikokinka su yi tallan yunwa ke nan?"

Ya kau da kai. Haka ta koma gida, hankalinta a tashe.

Ranar ta zo. Madam ta tsayar da Sa'idu a bakin titi, ta shiga da Hamman da kanta, tana zaton ta gama da matsalar. Ina! Ɗaki cike da baƙin ido, ga mata. Likita ya tambayi jiki, tsohon nan ya daddage, gumi na tsatso masa, ya ce da sauƙi. Madam ta ga likita ya sunkuya zai rubuta. Ta tuna Usaina. Sai ta miƙa hannu ta zare sandar.

Jumai ta ce ba ta taɓa jin ƙara irin wannan daga bakin babban mutum ba. Ya zube, Madam ta tare kansa kada ya bugu, ya yi kuka da hawaye a gaban kowa. Aka ɗauki hoton ƙashin, aka ga ɓarnar, aka ba shi haƙƙinsa.

Daga ranar bai sake yi mata magana ba. In ya zo karɓa, sai ya juya fuska ya wuce. Ta taɓa ce wa Jumai har yau ƙarar nan ba ta bar kunnenta ba, kuma ba ta san ko za ta iya sake yin haka ba. "Amma bar shi, Sista. Ya ci abinci, ya ji haushina."

Ke ce, Madam, kika ɗauki baƙin jini don tukunyar wani gida ta hau wuta. Ke ce uwar marasa gata, ko da sun ƙi kallonki. Ku da za ku gaje ta, ku koyi wannan: kada ku taimaki mutum don ya gode muku.

Makon jiya Hamman ya zo. Jumai ta faɗa masa Madam za ta tafi ke nan. Ya tsaya jim, Madam kuwa ta gyara zama tana jira. Ya sunkuyar da kai ya fita.

Godiyar da ta gagari bakinsa, ga ta daga namu. Mun gode, Madam Hembadoon. Allah ya saka miki da alheri.